Rigar Kawu mai kwala

A ƙasan adakar kawuna, ƙarƙashin babbar rigarsa ta Salla, akwai wata farar riga mai gajeren hannu da kwala da maɓalli uku. Tun ina ƙaramar lakwal nake ganinta duk ranar da aka fito da kaya shan iska, amma ban taɓa ganinta a jikinsa ba. A ƙauyenmu da ke kusa da Malbaza, inda ƙurar siminti ke maida farin tufa ruwan toka cikin yini guda, ajiye irin wannan riga abin dariya ne. Matarsa ta sha cewa a ba yara su kashe ta, shi kuwa sai ya ce a bar masa kayan aikinsa.

Kawu ya bar gida a 1974, cikin farin da ya cinye dabbobin Adar, shekarunsa ba su wuce sha huɗu ba. Bisa buhunan albasar Galmi ya hau, motar ta bi ta Ƙonni, ta tsallaka Ilela ta Najeriya, ta sauke shi Sakkwato. Daga nan ƙafa da neman abinci suka kai shi wani babban birni da ba zan kira sunansa ba. Cin rani ya tafi yi, sai ranin ya zama shekara talatin da wani abu, in aka cire ɗan zaman da ya yi a gida lokacin yunwar El-Buhari, sadda aka rufe iyaka a 1984 aka kuma koro baƙi a 1985. Aikin da ya riƙe shi a can shi ne ɗaukar jakar masu wasan golf. Sunan mai wannan aiki a bakinsu kadi.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan ɗan littafi namu ba su taɓa ganin wasan ba ko a talabijin, don haka bari in faɗi yadda yake a taƙaice. Fili ne mai faɗin gaske, ya fi gonakin gida goma, an haƙa ƙananan ramuka 18 a cikinsa, kowane da tutarsa. Ƙwallon bai kai ƙwan kaza ba, nauyinsa wajen giram 46. Mutum zai buge shi da sanda daga nesa, ya bi shi da ƙafa, ya sake bugu, har ya jefa shi rami. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda mutum ya riƙe sanduna har 14, kowace da aikinta, kuma nauyin jakarsu ne ya haifar da sana'ar Kawu. Shi ke ɗauka, shi ke neman ƙwallon in ya faɗa ciyawa, shi ke duba iska ya ce ma maigida ga sandar da ta dace.

Shekarar da na ci jarrabawar birbe, Kawu ya ce tukuicina shi ne ya kai ni in ga inda ya yi rayuwarsa. Ya daɗe da barin aikin, amma yana da abokai a can. Na yi ado iyakar iyawata: sabon kaftani na shadda, hula, da takalmin fata ɗinkin gida. Muka isa ƙofar kulob ɗin da hantsi. Maigadi ya gane Kawu, suka gaisa har da tafawa, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce yaron ba zai taka fili da waɗannan kaya ba. Ya nuna mana allo a jikin bango: riga mai kwala, a tsuke ta cikin wando, ba jins, ba silifa, a cire hula in za a shiga ɗakin hutawa. Bahaushe ne ɗan'uwana, da Hausa ya faɗa mini, ba tare da wulaƙanci ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Kawu bai yi gardama ba ko kalma guda. Cewa ya yi, “Shina da gaskiya, ɗana, laifina ne da ban hwaɗa maka ba.” Na yini a inuwar wani dogon yaro wajen shinge, ina hangen manyan alhazai cikin gajerun riguna suna bin ɗan farin ƙwallo.

Tun ranar nake neman sanin wa ya rubuta allon nan. Abu na farko da na gano ya ba ni mamaki: littafin dokokin golf na duniya, wanda hukumar R&A ta Sikotland da takwararta ta Amurka suke fitarwa tare, bai ce kowa ya sa riga mai kwala ba. Ya yi maganar ƙwallo da sanda da rami da tara. Zancen tufafi kowane kulob ne ke yanka ma kansa.

Wasan a gaɓar tekun Sikotland ya girma, bisa tuddan rairayi da ba su noma, inda tumaki ke kiwo. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi tare da ƙwallon ƙafa, wai yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. Ka ga ke nan a lokacin wasan gama-gari ne, tunda ba a kafa doka don mutum biyar. Dokoki rubutattu na farko an yi su a garin Leith a 1744, guda 13, kuma babu ɗaya da ta taɓa riga. Bayan shekara goma, a 1754, masu kuɗin St Andrews suka kafa tasu ƙungiya, wadda Sarki William na Huɗu ya ba laƙabin sarauta a 1834. A filin St Andrews ɗin ne aka tsaida ramuka 18 a 1764, duniya ta bi.

Tufafi da ƙungiyoyin suka shigo. Attajirai da hafsoshin soja da lauyoyin da suka kafa su sun ɗinka ma kansu kwat iri ɗaya, yawanci ja, kamar na soja, kuma wanda ya fito wasa ba da ita ba sai a ci shi tara, sau da yawa tarar abin sha ce da za a shanye tare da dare. Jar kwat tana da amfani na zahiri. Filayen na jama'a ne, mata na shanya, yara na wasa, to ja yana gargaɗin mai wucewa cewa ga masu jifa da ƙwallo mai tauri nan. Har yau a filin Wimbledon Common na Landan dole mai wasa ya sa jar riga saboda wannan dalili. Amma amfaninta na biyu shi ya fi daɗewa: a fili guda da kowa ke takawa, kwat ce ke nuna wane ne ɗan ƙungiya, wane ne ɗan gari, wane ne yaron da ke ɗauke da sanduna a hammata.

Da Ingilishi suka bazu cikin duniya sai suka tafi da abin a jaka. Kulob mafi tsufa da ya rage a wajen ƙasarsu a Kalkata ta Indiya aka buɗe shi, 1829. Na farko a Faransa, a garin Pau, 1856, shi ma Ingilishi ne suka kafa shi don kansu. A ƙasar Hausa, Kano ta faɗi hannunsu a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris na shekarar, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma kusan duk inda suka kafa bariki sai ka ga abubuwa uku sun biyo baya: filin sukuwa, kulob, da filin golf. Kano na da nata, Kaduna da Zariya ma haka, na Rayfield a Jos kuwa, garin masu haƙar kuza, daga 1913 yake ƙirga shekarunsa.

A nan ne labarin ya haɗu da sauro. Bayan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ba da shawara a nisanta gidajen Nasara daga na baƙar fata. Dokar garuruwa ta zamanin Lugga, ta 1917, ta ce a bar fili fetal na yadi 440, wato wajen mita 400, tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa, kada a gina komi a ciki. To fili ne ga shi nan a share, ba gida ba gona. A garuruwa da dama cikinsa aka shimfiɗa filin golf ko na sukuwa. Wato tun kafin a rubuta allon riga, filin da kansa katanga ne. Baƙin mutum na shiga, amma da jaka a kafaɗa ko tsintsiya a hannu. Kuku da boyi da kadi ba su hana Nasara barci ba, duk da sauron da aka ce jininsu na ɗauke da shi. Maƙwabtaka ce kawai aka ƙi.

Kawu ya tarar da ragowar wancan zamani. Ya ce a lokacinsa kewayen ramin ba ciyawa ba ce kamar yadda ake gani a talabijin, don ina ruwan da za a shayar da ita a watan Afrilu? Yashi ne ake tankaɗewa a kwaɓa da baƙin man mota, a daddaɓe, kuma bayan kowane mai wasa sai yaro ya ja wani ɗan buhu ya share sawu. Aikinsa na farko ke nan kafin a yarda ya taɓa jaka. Su yaran kuwa rodi suke lanƙwasawa su yi sanda, su buga ƙwallon goruba a bayan shinge. Ranar Litinin da safe, sadda iyayen gida ke ofis, akan bar su su shiga fili su buga na gaske. Ya ce akwai kadin da in an bar shi da maigidansa, sai ya ba shi ratar bugu goma ya kuma cinye shi.

Mu nan Ƙonni ba mu gaji wannan ba, kuma saura ƙiris mu gada. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni na ciki. Wannan bai hana ayarin Voulet da Chanoine ƙone garin da karkashe mutanensa ba cikin Mayun 1899, abin da tsofaffi ba su manta ba har yau. Sai a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka sake zanen, Faransa ta samu hanyar da ke da rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram, mu kuma muka faɗo wannan gefe. Wani lokaci nakan ce da alƙalamin ya kauce kaɗan, da ƙila akwai filin golf a hanyar Tsarnawa, da ni ma jaka nake ɗauka. Faransawa ba mutanen golf ba ne a lokacin. Abin da suka bar mana shi ne fetanki, wasan jifa da ƙwallayen ƙarfe da ake yi a kowane lungu, da silifa ko ba takalmi. Filin golf ɗin da ke wajen Yamai kan hanyar Tilaberi, Rio Bravo, na rairayi ne, kuma ɗan Adar zai iya tsufa bai ji sunansa ba.

Kada wani ya ɗauka yabon Faransa nake. Su ba su buƙaci allo ba, suna da andijena, dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba shari'a, kuma rashin girmama hukuma na cikin laifuffukan. Ka wuce ba ka gaida shi yadda yake so ba, ka kwana a kaso. Sai a 1946 aka soke ta, shekarar da aka soke aikin tilas. Ingilishi ya tsare ƙofar gidan wasansa, Bafaranshe ya tsare hanya gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai: me ya sa a folo aka buɗe ƙofa da wuri? Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungumi wasan ya kafa shi a Katsina, ɗansa Usman Nagogo kuwa ya zama gwanin da Turawan kansu ke shakka. Amsar da na ba kaina ita ce doki. A kan doki Bahaushen sarki ba almajirin kowa ba ne, dawakin ma nasa ne, kuma mulkin Ingilishi a Arewa da sarakuna ya dogara. An buɗe ƙofar ga ɗan sarki, ba ga ɗan talaka ba. Golf kuwa ba ya buƙatar doki, da ƙafa ake yinsa, duk yaron da ya ɗauki jaka shekara biyu ya iya shi. Wasan da talaka zai iya ƙwacewa shi ya fi buƙatar maigadi.

A wasu ƙasashen ba a ma ɓoye ba. Ƙungiyar ƙwararrun ƴan golf ta Amurka ta rubuta cikin tsarinta cewa farar fata kaɗai ke shiga, daga 1934 har 1961. A kulob ɗin Augusta, inda ake ba zakara koriyar kwat, baƙin mutum bai buga babbar gasarsu ba sai Lee Elder a 1975, alhali masu ɗaukar jaka duka baƙaƙe ne cikin farin kayan aiki. Ba su karɓi baƙi a matsayin ɗan ƙungiya ba sai 1990, mata sai 2012. St Andrews uwar gida ta jira har 2014, shekara 260 cur, kafin ta karɓi mace. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Papwa Sewgolum, Ba'indiyen Afirka ta Kudu, tsohon kadi, wanda ya ci gasar Natal a 1963 da 1965. A Durban aka miƙa masa kofi a waje cikin ruwan sama, don dokar wariya ta hana shi shiga ɗakin da sauran ƴan wasa ke zaune. Da na ba Kawu wannan labari shiru ya yi, can ya tambaye ni ko mutumin ya samu kuɗin gasar.

A Najeriya wariyar fili ta fara rushewa bayan abin kunyar otal ɗin Bristol na Ikko a 1947, da aka hana Ivor Cummings ɗaki saboda launinsa alhali jami'i ne daga ofishin mulkin mallaka na Landan. Kafin 1960 an fara karɓar manyan ma'aikata ƴan ƙasa a kulob-kulob, bayan ƴancin kai kuma suka gaje su ɗungurungum, da kujeru da kofuna da allon bango. An goge layin launi, an bar layin riga. A ganina layin riga ya ci gaba da yin rabin aikin wancan, cikin ladabi, ba tare da kowa ya ji kunya ba. Alhajin da ya hana kaftanina shiga fili, da kaftani ya zo, a mota ya canza.

Da na kai wannan magana gaban Kawu, a zaure bayan sallar isha'i, sai ya juyo mini da ita. Ya ce, “To kai malamin lakwal, in ka tai fadar Sarkin Adar a Ilela, da takalmi kaka shiga?” Na ce a'a. “In ka naɗa rawani irin na ɗiyan sarki ka shiga kasuwa, mi za a ce maka?” Ban da amsa. Gaskiya ce, mu ma muna da allonmu, ba a rubuce yake ba kawai. Alkyabba ba ta kowa ba ce. A Kano rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne. Kuma faɗan takalmi faɗa ne na gaske a tarihinmu: ƴan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun sha ɗauri da bulala, kuma cikin abin da aka riƙe su da shi har da ƙin tuɓe takalmi da ƙin faɗuwa gaban masu sarauta. Ya kawo mini kokowa ma. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wa ya taɓa ganin ɗan kokowa ya shiga fili da babbar riga? Walki ne da layu da ƙafa tsirara, kuma ba wanda ya kira haka wariya.

Na yarda da rabi. Walki kowane ɗan manomi na iya samunsa, kuma kokowa ce da kanta ta buƙace shi, don mai riga kama shi za a yi da ita. Kwala fa, me take ƙara ma bugu? A 2020 wani Bature, Tyrrell Hatton, ya ci babbar gasa a Wentworth ta Ingila sanye da rigar sanyi mai hula irin ta samari, tsofaffin ƴan kulob suka yi ta gunaguni, ƙwallon dai ya shiga rami. Kawu ya ce wannan shi ma ya sani. Abin da ba ya so in raina shi ne sauran ƙa'idojin, waɗanda ba su kan allo. Ba a magana in mutum zai buga. Ba a taka layin ƙwallon abokin hamayya. In ka fasa ƙasa da sanda, ka gyara kafin ka wuce. Babba cikinsu, ba alƙali a bayanka: in ƙwallonka ya motsa cikin ciyawa ba wanda ya gani, kai za ka faɗa, ka ƙara ma kanka bugu. Ya ce a shekara talatin ya ga manya masu kwala mai sitati suna tura ƙwallo da ƙafa in sun ɗauka ba mai kallo, sun manta kadi ma mutum ne mai ido. Ya kuma ga wanda ya kai ƙarar kansa ya rasa kofi. Ya ce daga rami na uku yake sanin wanda zai ba rance.

Rigar kuwa, sai a daren na ji tarihinta. Shekararsa ta ƙarshe, an shirya gasar masu ɗaukar jaka, aka ce wanda ya zo na ɗaya zuwa na uku zai buga da ƴan kulob ranar Asabar, da sharaɗin ya zo cikin kayan da suka dace. Kawu ya zo na biyu. Ya sayi rigar a gwanjo da kuɗin aikin kwana huɗu, ya kai wa mai guga. Ranar Juma'a aka ce an ɗage saboda wani babban baƙo, za a sa wata rana. Ba a sa ba har ya dawo gida.

Bayan girbin bana na same shi a gonarsa da yamma, an kwashe hatsi, saura kututturan kara. Yana da tsohuwar sanda guda da wani maigidansa ya bar masa, ya tara ƙwallayen goruba a gabansa, ya kafa kara can nesa ya ɗaura masa tsumma. Babbar riga ce a jikinsa, ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗa, ƙafarsa ba takalmi. Na buɗe baki zan yi masa sannu, sai ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Na tsaya inda nake, na yi shiru har ya buga.